Daga Inugu zuwa Kalifoniya: Abin da Labarin Okoye Ke Nema Daga Malamin Firamare



Akwai wani wasa da mutanen Amurka ke kira ƙwallon ƙafa, alhali ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Ƙwallon nasu mai tsini biyu ne kamar gwanda. Rungumarsa ake yi a sheƙa da gudu, ƙarti goma sha ɗaya suna neman kai shi ƙarshen fili, wasu goma sha ɗaya suna neman kayar da wanda ya riƙe shi, kowa da hular kwano a ka da sulken roba a kafaɗa. A da babu wanda ya damu da shi tsakanin Bodinga da Shagari. Yanzu wayar hannu ta kawo shi har zaurukanmu, tare da labaran 'yan Najeriya da suka yi arziki da shi. Hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwararru a can, ta buɗe sansanin neman matasa a Ghana a 2022, ta zo Legas a 2024. Wani nau'in wasan, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum, zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Ke nan ko mun so ko mun ƙi, tambayar za ta iso ajinmu: Malam, ta yaya mutum ke zuwa can?

Kafin mu amsa wa yaro, ya kamata mu san hanyar da waɗanda suka je suka bi. Babu misalin da ya fi na Christian Okoye dacewa, domin shi ne ya fara sa Amurkawa suka haɗa sunan Najeriya da wannan wasa.

An haife shi a Inugu a 1961. Bai tashi da wannan ƙwallo ba. Ƙwallon ƙafa irin namu ya buga yana yaro, daga baya ya koma jifan faifai da jifan dalma, ya yi fice a ciki. A 1982, zamanin da malaminmu ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ke mulkin ƙasar nan, Okoye ya tafi jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya, inda ɗan tseren nan Innocent Egbunike ya riga shi zuwa. Burinsa ɗaya ne, ya wakilci Najeriya a Olamfik na 1984, wanda za a yi a Los Angeles, tafiyar da ba ta kai ta Bodinga zuwa Tambuwal ba daga makarantarsa. Da aka fitar da sunayen tawaga, babu nasa. Egbunike ya je, ya dawo da lambar tagulla a tseren miƙa sanda. Okoye kuwa, cikin ɓacin rai, ya nufi filin ƙwallon jami'ar yana da shekara 23, shekarun da sa'o'insa na Amurka ke gama wasan jami'a. Aka koya masa yadda ake riƙe ƙwallo kamar yadda muke koya wa ɗan aji ɗaya riƙon fensir. Bayan shekara uku, a 1987, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa. A 1989 ya fi kowa a gasar nisan gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Mutum ne mai nauyin sama da kilo 110 amma da gudun ɗan tsere, har suka laƙaba masa suna mai ma'anar mugun mafarki daga Najeriya. Wasansa na ƙarshe a kakar 1992 ne. Gwiwa ta gaza. Kaka shida ke nan, ya bar fili bai fi shekara 31 da 'yan watanni ba.

Masu yaɗa gajerun bidiyo sukan tsaya a kan yadi 1,480. Mu malamai ya kamata mu tsaya a kan wani wuri daban. Ba a gano Okoye a bakin titi ba. Wani ya ba shi faifai ya jefa, wani ya ɗauko awo ya auna nisan jifan, wani ya rubuta a takarda, takardar ta yi tafiya har ta kai hannun koci a wata nahiya. Da babu wannan awo da wannan rubutu, da ƙarfinsa ya ƙare a dako ko a gona, kamar yadda ƙarfin dubban yara ke ƙarewa ba tare da kowa ya san abin da aka yi asara ba. Sannan ƙofar da ya shiga ƙofar makaranta ce. Sai da ya zama ɗalibi kafin ya zama ɗan wasa.

Akwai wani Okoye ɗin, Amobi, wanda suna kawai suka haɗa da Christian. Labarinsa ya fi shafarmu kai tsaye. An haife shi a jihar Anambra a 1987, ya koma jihar Alabama yana da shekara 12. Da aka gwada karatunsa, sai aka ga ya wuce sa'o'insa, aka tsallakar da shi zuwa babbar sakandare. Ya buga wa jami'ar Louisville wasa yana da shekara 16, ya kammala digirinsa, ƙungiyar Houston Texans ta ɗauke shi a 2007 yana da shekara 19, shi ne na goma a zaɓen shekarar baki ɗaya. Karatun da ya sa aka tsallakar da shi a Alabama ba a Amurka ya same shi ba. Daga makarantun ƙasar nan ya tafi da shi, daga hannun malamai irinmu waɗanda babu jaridar da ta buga sunayensu.

Wannan shi ne abu ɗaya da muke ganin ya cancanci a ɗauko daga tsarin Amurka: sun ɗaure wasa da karatu da igiya ɗaya. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ba ta barin yaro ya buga wa babbar jami'a wasa sai ya gama wasu darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare, da makin da bai gaza wani mataki ba. Bayan ya shiga, in makinsa ya faɗi, benci zai zauna komai gwanintarsa. Koci na iya yin kuka, amma magatakardar jami'a ke da kalmar ƙarshe. Haka abin yake a ƙa'ida.

A aikace kuwa, akwai ɓarnar da bai kamata mu ɓoye wa iyaye ba. Ƙididdigar hukumar ta NCAA da kanta ta nuna cewa cikin kowane ɗari na 'yan wasan jami'a, waɗanda ke kaiwa gasar ƙwararru ba su cika biyu ba. Ƙungiyoyin NFL 32 ne kacal, kuma sababbin da ake zaɓa a shekara kimanin ɗari biyu da sittin ne. Wanda ya samu shiga ma, yawanci shekara uku zuwa huɗu yake yi. Sauran, waɗanda suka ba da gwiwa da kafaɗa da ƙuruciya a filayen da ke cika da 'yan kallo sama da dubu ɗari, kamar na jami'ar Michigan, sukan fita da digiri in sun yi sa'a, ko da gurguwar ƙafa in ba su yi ba. Har zuwa 2021 ma doka ta hana su karɓar ko sisi da sunansu ko hotonsu, alhali a jihohi da dama na ƙasar, ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi ba gwamna ba ne, ba babban likita ba ne, kocin jami'ar jihar ne. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya kan mafi ƙarancin albashi ya san sunan wannan tsari: wani da noma, wani da cin tuwo.

Igiyar da ta ɗaure wasa da karatu ma takan tsinke idan kuɗi ya yi nauyi. A 2014 wani bincike ya bankaɗo cewa a jami'ar North Carolina an shafe kusan shekara goma sha takwas ana ba da maki a darussan da babu aji, babu lacca, sai takarda guda da ake miƙawa a ƙarshe. Ɗalibai sama da dubu uku suka ci moriyar abin, kusan rabinsu 'yan wasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Mun san yadda wasu makarantu ke ɗauko ƙato mai gemu daga tasha ko daga garejin kanikanci, a sa masa rigar makaranta ranar gasa, a rage masa shekara biyar a takarda. Kofi yakan zo ofishin hedimasta, amma yaron da ya yi wata uku yana atisaye da ƙafa ba takalmi ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja, wato ƙarya ta fi ƙoƙari riba.

Sai batun ƙwaƙwalwa, wanda shi ma ɗan Najeriya ne ya tone shi. Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, shi ne ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002. Ya gano cewa yawan karo da kai yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mutum ya riƙa mantuwa, ya riƙa fushi ba dalili, wani har ya rasa hankalinsa tun bai tsufa ba. Ya buga sakamakon a 2005. Masu cin abinci da wasan suka yi masa ca, suka nemi a janye rubutun, kafin daga baya a yarda da shi. Mu da muka san abin da dambe ke yi wa wasu tsofaffin 'yan dambe ba ma buƙatar dogon bayani. Saboda haka ba mu goyon bayan a shigo da wasan kayarwa makarantar firamare, inda akwatin agajin gaggawa, in akwai shi, bai wuce audugar bara da kwalbar aidin da ta bushe ba.

To me ya rage mana? Abin da ya rage shi ne wanda muke da shi tun asali muka bari ya lalace. Wasa a makaranta ba Amurka ta koya wa ƙasar Sakkwato ba. A shekarun 1920 wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo wasan fayif, wanda ake buga ƙaramin ƙwallo a bango da tafin hannu, zuwa Katsina da Birnin Kebbi. Da bangon laka aka fara. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kansa a Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, bai kuma daina bugawa ba har yana Firimiya. Wasan nan baƙo ne, amma da yake ta hannun malamai ya shigo, ya zauna daram, har yau ana buga shi a Sakkwato da Katsina da Birnin Kebbi. Shehu Shagari, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin kafin ya zama hedimasta a Argungu, shi ne ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka a Legas a 1980. Ko a zamaninmu, ɗan Sakkwato Shehu Abdullahi ya bi ta Kano Pillars ya ɗauko lambar tagulla a Olamfik na Rio a 2016, ya je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Ba jikin da ya gaza a ƙasar nan. Duk wanda ya ga samarin Danchadi ko Kajiji a fagen kokawa bayan girbi, ko ya ga yadda yara ke langa da ƙafa ɗaya har su gaji da kansu, ya san haka.

Abin da ya gaza shi ne darasin motsa jiki. A jadawalin da ke manne a bangon ofis yana nan da lokacinsa. A zahiri lokacin shara ne, ko lokacin ɗebo ruwa, ko lokacin da malamin lissafi ke ara don ya cike abin da bai gama ba. Malamin da ya karanta ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wanda ya san yadda ake shata da'irar jifa da yadda ake ɗaure targaɗe, sai ka tarar an ba shi aji uku yana koyar da komai da komai ban da abin da ya karanta. Filayen kuwa, kowa shaida ne. Yau an yanki gefe an yi shago, gobe an bi ta tsakiya da hanyar babura, jibi wani ya zuba bulo ya ce gadon kakansa ne. Makarantar da ba ta da katanga ba ta da takardar fili, wadda ba ta da takarda kuwa sai abin da maƙwabta suka bar mata. Gasar gidaje ta shekara, inda ake yinta, ta koma bikin manyan baƙi da rumfa da lemo, kuɗinta kuma daga aljihun iyayen da ke fama da kuɗin taki. Ana gamawa babu wanda ya rubuta wane yaro ya yi gudun mita ɗari cikin daƙiƙa nawa.

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce malamin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata, wanda ƙarin girmansa ya maƙale shekara da shekaru, wanda ke tsaye gaban yara tamanin a kan tabarma, ba shi ne za a ɗora wa usur da igiyar awo ba. Za su ce a yankin da tsaro ya zama abin kwana da shi a rai, kuma yara da yawa ba su ma zuwa makarantar, maganar ƙwallo shagala ce. Ba mu ce a ajiye fafutukar albashi ba, kuma duk wanda ya nemi ya yi amfani da wannan rubutu don ya ƙara wa malami aiki ba tare da alawus ba, bai fahimce mu ba. Amma batun yaran da ba sa zuwa, shi ne ma hujjarmu. Kowane malamin ƙauye ya lura da cewa ranar da za a fitar da ƙwallo, rajista takan cika. Yaron da allo da alli ba su riƙe shi ba, fili yakan riƙe shi, har Allah ya sa karatun ya shiga. Idan muka ce babu mai buga wa makaranta wasa sai wanda ya halarci aji kwana huɗu cikin biyar kuma ya iya karanta sakin layi guda na Hausa, mun ɗauko alherin tsarin Amurka ba tare da mun sayi hular kwano ko ɗaya ba.

Ga iyayen da ke ganin wasa shiririta ne, muna girmama damuwarsu. Yaro ya bar salla don ƙwallo, ko ya kwana a gidan kallo, abin tsoro ne. Amma magabatan da suka zauna Sifawa da Bodinga, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da jama'arsu, malamai ne da suka iya hawan doki da harbin baka da doguwar tafiya a ƙasa. Ba su ɗauki lafiyar jiki a matsayin kishiyar ilimi ba. Wasan da malami ke tsaye a kansa, mai lokacin farawa da na tashi, shi ne maganin wanda ake yi a bayan gari ba mai tsawatarwa. 'Yan mata ma suna da haƙƙi a wannan lokaci, a cikin shigarsu ta mutunci, ƙarƙashin kulawar malama. Gaɗa da carafke da tsallen igiya motsa jiki ne, ba sai an jira kayan waje ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da mu fiye da ciwon ƙwaƙwalwa. Duk inda mafarkin fita waje ya yaɗu, dillalai sukan biyo baya. Mutum zai zo da jaka da hotuna a waya, ya ce yana da hanyar gurbin karatu kyauta a Amurka ko gwaji a Turai, a kawo kuɗin fom, sai na fasfo, sai na biza. A sayar da saniya, a jinginar da fadama, daga nan lambarsa ta daina shiga. Iyaye su sani cewa jami'ar da ke son ɗan wasa ita ke kashe kuɗi a kansa, kuma abin da take fara tambaya shi ne sakamakon jarrabawarsa ta sakandare da shaidar Turancinsa. Duk wanda ya ce karatu ba dole ba ne muddin yaro na da jiki, to ba makaranta zai kai shi ba. Muna roƙon kowane uba da aka zo wa da irin wannan tayi ya fara kawo takardun wurin hedimasta ko wakilin ƙungiya na makarantar kafin ya taɓa abin da ke garke.

Abin da muke so reshenmu ya ɗauka zuwa ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, da hukumar SUBEB ta jiha, ba mai tsada ba ne. A auna filin kowace makaranta a ba ta takarda, ko da katanga za ta jira, a kafa dogon yaro a kan iyaka tare da hakimi da kwamitin iyaye a matsayin shaidu. A mayar da malaman da suka karanta motsa jiki kan darasinsu, inda ba su isa ba mutum ɗaya ya riƙa zagaya makarantu uku ko huɗu da alawus na man babur. A hana karɓar kuɗin gasa daga yara. Kowace makaranta ta sami littafi guda mai kauri, a riƙa rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya da nisan tsallensa da lokacin gudunsa kowane zango, littafin ya bi shi zuwa ƙaramar sakandare kamar yadda sakamakon jarrabawa ke binsa. Hedimastan da aka kama ya shigo da ɗan haya kuwa, ƙungiya kada ta tsaya masa.

Wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da amsar tambayoyi uku a rubuce: taku nawa ne tsawon filinku da faɗinsa a yau, wa ya ci iyakarsa in an ci, kuma wane aiki ake yi a lokacin darasin motsa jiki. Wanda ba shi da igiyar awo ya auna da taku, taku uku na babba kimanin mita biyu ne.